Babi na 6: Tafiyar Yashi, daga Bengu zuwa Bakin Teku

Garin Bengu a cikin gadon kogi yake zaune, sai dai kogin ya daɗe da mutuwa. Wanda ya taso daga Gaya ya nufi arewa maso gabas zai ga tudun jan dutse ya ja gefe, ƙasa ta sauka, wani kwari mai faɗi ya buɗe, cike da giginya da gonakin rake da dankali. Wannan shi ne Dallol Mauri. Ya gangaro tun daga wajajen Adar, ya ratsa ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ya karɓi ƙaninsa Dallol Foga a wannan yanki, sannan ya je ya faɗa kogin Kwara kusa da Dole, dab da iyakar Najeriya.

Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, amma ko kusa wannan ruwan bai isa ya haƙa kwari irin wannan ba. Manyan koguna ne suka haƙa shi a zamunnan da Sahara ke kore shar, na bayan nan daga cikinsu shekaru dubu 10 zuwa dubu 6 da suka wuce. Da ruwan ya ja baya, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sauke kayan da yake ɗauke da su a inda gajiya ta same shi. Yashin nan da manomin Bengu ke kaftu a cikinsa shi ne kayan. Shi ne kuma ke riƙe ruwa kusa-kusa, ta yadda a wasu wuraren rijiyar lambu ba ta wuce gaba ɗaya ko biyu ba. A cikin Foga ruwan ƙasan yana da gishiri. Rana ta zuƙo shi sama, ta busar da shi, ya bar fari-fari a kan ƙasa, masu sana'ar su kankare, su tace, su dafa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya ratsa Foga a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya tarar da ƙauyukan masu gishiri a kan wasu tuddai masu tsawo, waɗanda ba komai ba ne illa ƙasar da aka tace aka zubar shekara da shekaru. Ashe mutum ma ya daɗe yana taya ruwa kwasar ƙasa daga nan zuwa can.

In aka ƙara komawa baya, kimanin shekaru miliyan 60 a lissafin masana ilimin ƙasa, teku da kansa ya taɓa shigowa wannan yanki. Wani reshensa ya ratso Sahara ya kwanta a kan abin da yanzu ya zama ƙasar Sakkwato da Tawa. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina da Malbaza ana yin siminti da ita, ɓawon halittun wancan teku ne da suka mutu suka taru. Gaɓar teku ta taɓa zama a bayan gidanmu, ta tashi.

Shi ya sa na ga babu laifi a fara maganar bakin teku daga wurin da ke da nisan kilomita fiye da 700 daga Kotonu. Ka'idar da ta cika Dallol Mauri da yashi ita ce ke cinye unguwanni a Kotonu da Legas yau, kuma a nan an fi ganinta ƙuru-ƙuru, domin ƙanana-ƙanana take aikinta.

A jira a yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, a fita bayan ya ɗauke, a bi wata ƙorama daga gindin tudu zuwa fadama. A can sama, inda gangaren ya yi tsanani, duwatsu ne masu girman dunƙulen hannu a warwatse. Ka ɗan sauko, tsakuwa. Ka ƙara saukowa, yashi mai kauri, daga shi sai rairayi mai laushi wanda ruwan ya bar wa zane-zane. A can ƙarshe, inda ruwan ya bazu ya kwanta, laka ce mai santsi, wadda in ta bushe take tsattsagewa. Babu wanda ya tankaɗe su, gudun ruwan ne ya rarraba. Ruwa mai gudu ya fi ƙarfin kaya masu nauyi, da zarar gudun ya ragu sai ya fara yar da mafi nauyi, ya ci gaba da mara nauyi. Bambancin kuwa ba kaɗan ba ne. A wani tsohon lissafi na masu nazarin koguna, in gudun ruwa ya ninka sau 2, nauyin dutsen da zai iya mirginawa yakan ninka har sau 64. Don haka ruwan sa'a guda na rana ɗaya yakan kwashi ƙasar da yayyafin wata guda bai motsa ba.

A dubi kwana kuma. Duk inda ƙorama ta karkata, ruwan bayan kwana ya fi gudu, yana ƙwaƙule gaɓa daga ƙasa har ta rufta. Na cikin kwana yana tafiyar hawainiya, yana ajiye yashi. Mai gona a wannan gefe yana kukan ruwa ya ci masa kunya uku, maƙwabcinsa na ƙetare ya wayi gari da ƙarin fili bai saya ba. Rigingimun gona da yawa da ake kai wa gaban mai gari asalinsu ke nan, ƙasar ba ɓata ta yi ba, ƙaura ta yi.

Kwara a Gaya

Kwara tana da tsawon kimanin kilomita 4,200, kuma a Gaya sau biyu take cika a shekara. Cikowa ta farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwanta ja wur, mai kauri. Daga kusa yake zuwa: kogunan Goruwal da Dargol da Sirba da ke fitowa daga wajen Burkina Faso, da Mekru da Alibori da Sota daga Benin, da ɗaruruwan ƙoramu marasa suna a taswira. Cikowa ta biyu tana zuwa ne cikin sanyi, wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da ko gajimare babu a sama. Ruwan da aka yi a tsaunukan Gini ne tun damina, ya kwashe watanni yana ratsa babbar fadamar tsakiyar Mali, ta Masina da Mopti. A can yakan bazu, rana ta sha kaso mai yawa daga cikinsa, lakarsa ta kwanta a cikin burgu. Abin da ya iso Gaya ruwa ne garai-garai, mai duhu, wanda kusan ba ya ɗauke da komai.

To, ruwan da ba ya ɗauke da kaya yana da wurin ɗaukar sabo. A da, cikowar sanyi ita ce babba, ita ce ke share abin da ta damina ta jibge. Wannan daidaito ne ya karkace. Bayan farin 1973 da na 1984 (a watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai), itatuwa sun mutu, mutane sun ƙaru, an sheme dazuzzuka an mai da su gonaki, tuddai da yawa sun zama faƙo. Ruwan sama in ya sauka a kan faƙo ba ya nutsewa, gudu yake yi, yana haƙa kwazazzabai yana tafiya da ƙasa. Masana sun sha mamaki da suka auna suka ga kogunan Sahel irin su Sirba sun ƙara yawan ruwa alhali ruwan sama ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza. Yanzu jan ruwan damina ne ke kafa tarihi a Yamai, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012, da Satumbar 2020 lokacin da ya kai wajen mita 7 a ma'auni ya fasa shinge ya shiga unguwanni.

Sarkawa da masu kwale-kwale ba sa buƙatar ma'auni. Maganarsu ɗaya ce, kogi ya cike. Gurbi mai zurfi inda giwan ruwa ke kwana ya zama wurin da yaro ke tsayawa ruwa iya ƙugu. Da bazara tudun yashi kan fito a tsakiyar kogi, jirgi mai inji ya kafe, sai an sauka an tura. Gadon kogi in ya tashi, ruwan da a da yake wucewa salin-alin sai ya haura gaɓa ya shiga gonakin shinkafa. Ambaliya da ƙafewa, waɗanda ake ɗauka kishiyoyin juna ne, uwarsu ɗaya.

Har gaban alƙalai yashin nan ya je. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete, da ke sama da Gaya, rikicin da ya yi zafi tun 1963. A ƙarshe suka kai ƙara Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli, 2005: iyaka ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa ta cikin kogin. Da wannan ma'auni Nijar ta sami tsibirai 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da kotun ta gindaya, cewa hanyar da ake nufi ita ce yadda take a lokacin samun 'yancin kai a 1960, sannan ta zayyana layin da lambobin taswira ɗaya bayan ɗaya. Alƙalan sun san halin abin da suke shari'a a kansa. Da sun ce a bi zurfin kogi kawai, da kowace damina sai ta sake wa ƙasashen biyu iyaka.

Inda tafiyar ke tsayawa

Daga Gaya kogin ya wuce Dole ya shiga Najeriya, ya karɓi Gulbin Kabi, ya nufi Yawuri. A nan gudunsa ke mutuwa, domin ya shiga tafkin Kainji, mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya haɗiye tsohon garin Busa, ya tayar da mutum fiye da dubu 40. Abin da muka gani a ƙarshen ƙorama shi ke faruwa a nan. Yashi yana zubewa tun daga bakin tafkin, laka ta ɗan ƙara gaba ta kwanta. Abin da ya tsira kuma madatsar Jebba na jiransa a gaba. Haka Shiroro take yi a kogin Kaduna, da Bakolori da Goronyo a ƙasar Sakkwato da Zamfara, da Lagdo a kan Binuwai a Kamaru. Kowace madatsar ruwa tarkon yashi ce, ko an gina ta da wannan niyya ko ba a yi ba.

Da babu su, ƙwayar yashin da ta baro tudun Gaya za ta yi ta mirginawa, ta kwana shekaru a wannan tsibiri, wata cikowa ta tashe ta, ta wuce Lakwaja inda Binuwai ke kawo nata kaya mai yawa, har ta isa inda Kwara ke rarrabuwa ta shiga teku ta bakuna irin su Forcados da Nun. Yankin Neja Delta gaba ɗayansa tarin irin wannan kaya ne na miliyoyin shekaru, kaurinsa a wasu wurare ya kai kilomita 10, kuma a cikinsa man fetur ɗin Najeriya ya nuna. Ƙasa ce da kogi ya gina, kogi ne kuma ke ciyar da ita. Laka tana danƙarewa tana nutsewa a hankali, in sabuwa ba ta zo ta hau kai ba, teku ya matso.

A tsakani kuma ana kashe kuɗi ana yaƙi da yashin da ya rage. A Satumbar 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, don manyan jirage su riƙa hawowa. Yasa irin wannan ba a yinta sau ɗaya a huta, domin ramin da aka haƙa a gadon kogi shi ne wuri na farko da yashin baɗi zai faɗa.

Aikin igiyar ruwa

A kogi gangare ne ke ba ruwa ƙarfi. A bakin teku iska ce, kuma galibi ba iskar wurin ba. Igiyoyin da ke dukan Lome da Kotonu da Legas haihuwar guguwar can kudancin Tekun Atlantika ce, dubban kilomitoci daga Afirka ta Yamma. Ruwan kansa ba ya yin wannan tafiya. Ka jefa ƙwarya bayan inda igiya ke fashewa, za ka ga tana hawa tana sauka a wuri ɗaya, ƙarfin ne kawai ke wucewa ta ƙarƙashinta. Sai igiyar ta iso inda ba zurfi, gindinta ya taɓa ƙasa ya rage gudu, kanta ya yi gaba ya kife, ta juye duk ƙarfin da ta ɗauko a kan 'yan mitoci na yashi. Igiya mai tsayin mita 2 ta ninka mai mita 1 ƙarfi sau 4. A wannan gaɓa kuwa kusan kowace daƙiƙa 12 sai wata ta iso, wato fiye da sau 7,000 tsakanin yau da gobe war haka, ba Juma'a ba Lahadi, kuma sun fi hauka daga Yuni zuwa Satumba.

Da a miƙe suke zuwa, da yashin hawa da sauka kawai zai riƙa yi. Amma daga kudu maso yamma suke fitowa, su doki gaɓa a karkace. Igiya ta tura ƙwayar yashi sama a karkace zuwa gabas, ruwan ya koma teku a miƙe ya jawo ta ƙasa, ta gaba ta sake tura ta. Kowane zuwa, taki guda zuwa gabas. Ana iya ganin ƙaramin samfurin wannan a mashigar Gaya. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, jirage masu inji suka yawaita a kan kogin, duk wanda ya wuce sai ya aiko da 'yan igiyoyi a karkace, kuma in ka sa ido a kan wani karan dawa da ke bakin ruwa za ka ga yana tafiya gefe-gefe, yana bin gaɓa. A gaɓar Togo da Benin wannan tafiyar gefe-gefe tana kwasar yashi wajen kubik mita miliyan ɗaya ko fiye a shekara. In tifa na ɗaukar kubik 10, sawu dubu 100 ke nan, fiye da 270 kullum, duk gabas suka nufa.

Bakin teku kamar zangon fatake yake. Kullum ka leƙa za ka tarar da shi cike, har ka ɗauka mutanen jiya ne, alhali na jiya sun yi gaba, waɗannan yanzu suka sauka. Muddin masu isowa sun kai yawan masu tashi, zango na nan yadda yake. Ranar da aka tare hanya daga baya, masu tashi ba za su fasa tashi ba. Igiyar ruwa ma ba ta san an tare yashi ba, ƙarfinta na nan, dole ta ɗauki kayanta na yau, in ba ta samu a hanya ba sai ta ɗiba daga gaɓa, da gidan da ke kai, da kwakwar da ke tsakar gidan.

Wanda ya dubi taswira zai iya zaton yashin Kwara ne ke ciyar da Kotonu, tun da ta Gaya ake bi a je can. Ba haka ba ne. Bakin Kwara yana gabas da Legas, yashinta a can yake rabuwa biyu, wani ya bi gaɓar Delta ta yamma, wani ya yi wajen Bonny. Kotonu da Lome da Legas daga yamma abincinsu ke zuwa, mafi yawa daga kogin Volta na Gana, da ɗan ƙari daga kogin Mono.

An tare wannan hanya a wurare da yawa cikin 'yan shekaru. A 1965 Gana ta kammala madatsar Akosombo, wadda ta riƙe kusan duk yashin Volta. Garin Keta, da ke gabas da bakin kogin, dama ya fara ja da baya tun kafin nan, amma bayan madatsar sai abin ya zama gudu. Teku ya ci tituna da gidaje, ya rushe wani ɓangare na tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784. A wannan shekara ta 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kotonu, ta Lome ta biyo baya a 1968. Wannan gaɓa ba ta da mafaka ta halitta, saboda haka kowace tasha sai an gina mata doguwar katangar duwatsu cikin teku. Katangar ta tsaya a kan hanyar yashi. A yammacinta fili ya yi ta ƙaruwa, har ana gine-gine a inda jiya ruwa ne. A gabashinta kuwa, Togo ta yi asarar hanyar mota ta bakin teku tsakanin Lome da Aneho har sau biyu, Kotonu ta rasa layukan gidaje a Akpakpa, inda a wasu shekaru gaɓa ke ja da baya wajen mita 10. A 1987 aka ƙara da madatsar Nangbeto a kan Mono.

Legas ta riga su duka shan wannan. Tun 1908 Turawan Ingila suka fara gina katangu a bakin mashigar tashar, don kada yashi ya toshe ta. Yashi ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta rame da fiye da kilomita guda, aka yi ta zuba mata yashi teku na kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Maganin da aka yi daga baya shi ne Eko Atlantic: aka zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku aka cike wurin, aka kewaye shi da katanga mai tsawon kilomitoci, aka yanka filaye masu tsada. Victoria Island ta tsira. Ƙauyukan masunta da ke gabas da ita, wajen Lekki, su ne yanzu ke kwana da ido ɗaya.

A ganina, mu mutanen tudu ba 'yan kallo ba ne a wannan lamari. Tashar Kotonu don wa aka faɗaɗa ta? Shekara da shekaru kafin 2023, shinkafa da gwanjo da motocin da ke cika kasuwannin Gaya da Maraɗi ta can suke sauka, su hau jirgin ƙasa ko gingimari zuwa Paraku, su haye gadar Malanbil da aka gina a 1958, ma'adinin yuraniyom na Arlit kuma ya bi ta nan ya fita. Wutar da Nijar ta daɗe tana saye daga Najeriya, Kainji na cikin masu samar da ita. Ɗan kasuwar Zongo a Kotonu da ke cin riba da tashar, da maƙwabcinsa na Akpakpa da teku ya cinye wa ɗaki, katanga ɗaya ce ta yi musu. Ban ce kada a gina tasha ko madatsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a lissafa siminti da ƙarfe da megawat, a bar yashi a waje kamar ba dukiya ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku, da zaizaya da ambaliya da ƙazanta, ta ci wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai.

Magungunan da ake gwadawa duk sun san wannan lissafi, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Daga 2012 Benin ta jera gajerun katangun duwatsu a gabashin Kotonu, kowace tana kama ɗan yashi a gefenta na yamma. Sun ceci unguwannin da ke tsakaninsu, amma bayan ta ƙarshe yunwar tana nan, ta matsa gaba wajen Seme, inda bututun man Nijar daga Agadem ke ƙarewa. A 2008 gwamnatin Benin ta hana ɗibar yashin gini a bakin teku, wanda a wurina ya fi katangu da yawa amfani, domin tifa ba ta da bambanci da madatsa wajen rage abin da ke isowa. Shirin WACA na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018, ya haɗa Togo da Benin a aiki guda tsakanin Aneho da Grand-Popo, aka zuba yashi mai yawa a bar wa igiya ta rarraba da kanta. Dalilin haɗin a fili yake, duk katangar da Togo ta gina Benin ce ke biyan kuɗinta. A kan wannan duka ga teku na ƙara tashi, fiye da milimita 3 a shekara. Tashin gaskiya ne, zai kuma tsananta, amma yana da sauƙin fakewa da shi. Mita 10 a shekara a gabashin wata tasha, tashar ce ta fi kusa da laifin.

A can sama da Yamai, kimanin kilomita 180, ana gina madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, aikin ya yi ta tsayawa yana tashi. In ta kammala za ta ba da megawat 130, ta kuma riƙe ruwa ta riƙa saki da bazara, abin da masu noman rani har Gaya za su yi maraba da shi. Sai dai a lura da inda take. Dargol da Sirba a ƙasa da ita suke shiga Kwara, haka ƙoramun Yamai, haka Mekru da Alibori da Sota. Ke nan jan ruwa mai yashi zai ci gaba da shigowa yadda ya saba, alhali ruwan da madatsar za ta riƙa sarrafawa shi ne na sama, garai-garai ɗin nan mai share gado. Kandaji ba za ta yashe wa Gaya kogi ba, in ma ba a yi hattara da yadda ake sakin ruwan ba, tana iya rage wa kogin tsintsiyarsa.

Aikin da zai rage yashin a kan tudu yake, inda ƙasar ke tashi: ramukan rabin wata a kan faƙo, jerin duwatsu a gicciye a kan gangare, da sassaben zamani, wato manomi ya bar tsiron itace a gonarsa ya yi masa aski maimakon ya tumɓuke, dabarar da ta mayar da miliyoyin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Hukumar ABN ta ƙasashe 9 masu raba Kwara, mai mazauni a Yamai, ta gudanar da shirin yaƙi da cikewar kogin ta irin waɗannan hanyoyi. Wani zai tambaya, in an tsare yashi a gona, ba a ƙara wa bakin teku yunwa ba? A wannan yanki na kogin amsar ita ce a'a, domin tun 1968 yashin Gaya ba ya isa teku. Kowane kwando da aka hana barin tudun Dosso, tafkin Kainji aka rage wa, kuma injinan da ke ƙarƙashinsa ne za su ƙara shekarun aiki.